Tafiya ƙasashen waje ba tare da abokin tafiya ba: takardu, jirgin sama, zango da iyaka

Gabatarwa

A zamanin da, mai zuwa Gwanja fataucin goro ko mai niyyar Makka ta ƙasa ba ya tashi shi kaɗai. Ayari yake shiga. Madugu ne ya san hanya, shi ya san zango, shi ke magana da sarakunan ƙasashen da ake ratsawa, shi ke shirya biyan kuɗin fito. Yau abin ya sake. Ɗan kasuwa na zuwa Dubai ko Sin sarin kaya. Ɗalibi na zuwa Maroko ko Turkiyya karatu. Marar lafiya na zuwa Masar ko Indiya neman magani. Wani kuma Umra ya nufa. Da yawa cikinsu su kaɗai suke tafiya, kuma mai tafiya shi kaɗai shi ne madugun kansa.

Mafi yawan wahalar da ake sha a filin jirgi ko a kan iyaka, tun daga gida take somawa: takardar da ba a duba ba, tikitin da ba a karanta ba, saƙon da aka karɓa ba a buɗe ba. Wannan bayani zai bi tafiyar daki-daki, daga shirin gida har zuwa sauka.

1. Waɗanne takardu ake bukata?

Fasfo. Shi ne shaidar matafiyi a wajen ƙasarsa. A Nijar hukumar ƴan sanda mai kula da shiga da fita ita ke ba da shi. Ku duba ranar da wa'adinsa zai ƙare. Ƙasashe da yawa ba sa karɓar fasfon da ya rage masa ƙasa da wata 6. Ku duba kuma ko akwai sauran shafuka fari inda za a buga hatimi. Fasfon da ya jiƙe, ko ya yage, ko aka yi rubutu a cikinsa, ana iya ƙin sa.

Biza. Izini ne da ƙasar da za a je take bayarwa. Kowace biza da aikinta: akwai ta ziyara, ta karatu, ta jinya, ta aiki, ta Umra, ta Hajji. Ba a aiki da bizar ziyara, kuma ba a Hajji da bizar Umra. A kan biza akwai abu uku da ya wajaba a sani: ranar da take somawa, yawan kwanakin da aka yarda a zauna, da ko shiga ɗaya ce ko fiye. Wanda ya wuce kwanakinsa ya karya doka, ko da kwana 1 ne. Hukuncinsa tara, ko tsarewa, ko kora tare da hana komawa.

Katin rigakafi. Shi ne katin nan mai launin rawaya, wanda wasu ke kira karne. Yana nuna an yi wa mutum allurar masassarar shawara. Katin yana soma aiki kwana 10 bayan allurar. Tun watan Yuli na 2016, hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta tsaida cewa allura ɗaya ta isa har tsawon rai. Masu zuwa Hajji da Umra ana neman su kuma da allurar sanƙarau, ita ma a ƙalla kwana 10 kafin isa Saudiyya. Kada a sayi kati ba tare da allura ba: takarda ba ta tsare jiki daga cuta.

Sauran takardu. Tikitin komowa, adireshin masauki, lambar wayar mai masauki, takardar gayyata, takardar lakwal ga ɗalibi, takardar likita ga marar lafiya.

A yi kwafin kowace takarda sau biyu. Ɗaya ya zauna gida, ɗaya a cikin jakar hannu, dabam da inda fasfo yake. A ɗauki hotonsu kuma da salula.

2. Ina aka kwana game da CEDEAO da AES?

Yarjejeniyar CEDEAO ta 1979 ta ba ɗan kowace ƙasa ta ƙungiyar damar shiga wata ba tare da biza ba, ya zauna har kwana 90. A watan Satumba na 2023, Nijar da Mali da Burkina Faso suka kafa ƙawancen ƙasashen Sahel, AES. Ficewarsu daga CEDEAO ta tabbata ranar 29 ga Janairu 2025. AES ta sanar da fito da nata fasfo daga wannan rana, ta kuma ce tsofaffin fasfo suna aiki har wa'adinsu ya ƙare. Ita ma CEDEAO ta ce wa ƙasashenta su ci gaba da karɓar fasfo da katin ɗan ƙasa masu tambarinta daga mutanen ƙasashen uku, ba tare da biza ba, har zuwa wani sabon umurni.

Tun da yake wannan tsari na wucin gadi ne, wajibi ne a tambayi ofishin jakadancin ƙasar da za a je kafin a sayi tikiti. Labarin tasha ba hujja ba ne a gaban ma'aikacin iyaka.

3. Yaya ake karanta tikitin jirgi?

Suna. Dole ne sunan da ke kan tikiti ya zama daidai da na fasfo, harafi da harafi. In fasfo ya ce Mahamadou, tikiti ya ce Mohamed, ana iya hana shiga jirgi. A gyara tun a wurin saye.

Sunan gari. Kowane filin jirgi yana da alama ta haruffa uku:

- NIM: Yamai
- KAN: Kano
- ADD: Adis Ababa
- IST: Istanbul
- CMN: Kasabalanka
- LFW: Lome
- ABJ: Abijan
- JED: Jidda

Wata. Ana taƙaita shi da haruffa uku. MAR Maris ne, MAY Mayu, JUN Yuni, JUL Yuli, AUG Agusta.

Lokaci. Ana lissafin awa 24 ne. 14:30 shi ne ƙarfe 2 da rabi na rana. 22:00 shi ne ƙarfe 10 na dare. Nan ne mutane da yawa ke rasa jirgi. In an rubuta 15 MAR 01:15, jirgin zai tashi ne cikin daren 14 ga wata, wayewar 15. Ke nan tun ƙarfe 10 na daren 14 ya kamata matafiyi ya isa fili. Wanda ya bari sai daren 15, jirginsa ya tafi tun jiya.

Bambancin agogo. Lokacin da ke kan tikiti, agogon garin da aka ambata ne, ba na gida ba. Nijar, Najeriya da Cadi agogonsu ɗaya. Adis Ababa, Istanbul da Jidda suna gaban Nijar da awa 2. Dubai tana gaba da awa 3. Lome, Abijan, Akara, Wagadugu da Bamako suna baya da awa 1.

Ga misali na koyo:

NIM 14 MAR 13:00 – ADD 14 MAR 20:00
ADD 15 MAR 00:30 – JED 15 MAR 03:00

Ma'anarsa: za a tashi Yamai ƙarfe 1 na rana, a sauka Adis Ababa ƙarfe 8 na dare agogon can. Tafiyar awa 5 ce, ba 7 ba, saboda bambancin awa 2. Za a jira awa 4 da rabi. Jirgi na biyu zai tashi ƙarfe 12 da rabi na dare, ya sauka Jidda ƙarfe 3 na asuba.

4. Tikiti ɗaya ko tikiti biyu?

Ba kowace ƙasa ake zuwa kai tsaye daga Yamai ba. Akan sauya jirgi a wani gari, kamar Adis Ababa, Istanbul, Kasabalanka, Lome ko Abijan. Akwai hanya biyu ta sayen irin wannan tafiya.

In tikiti ɗaya ne daga farko har ƙarshe, kamfani ne ke da alhakin kai matafiyi inda za shi. Galibi kaya suna wucewa da kansu. In jirgin farko ya makara har na biyu ya tafi, kamfani zai sa shi a wani jirgi ba tare da ƙarin kuɗi ba.

In tikiti biyu ne dabam-dabam, kowane kamfani nasa kawai ya sani. Sai matafiyi ya shiga ƙasar zango, ya ɗauki kayansa, ya sake awo. Shiga ƙasar kuwa na iya bukatar biza. In ya makara, kuɗin tikiti na biyu sun tafi. Tikiti biyu yakan fi araha, amma Hausawa sun ce araha ba ta ado. Wanda bai saba ba, ya nemi tikiti ɗaya.

A sayi tikiti a ofishin kamfani ko wurin wakilin da yake da ofishi sananne. A karɓi rasit. A tabbata akwai lambar tikiti, domin takardar ajiye wuri kawai ba tikiti ba ce.

5. Kaya: abin da ake ɗauka da abin da ake bari

Yawancin kamfanoni suna yarda da kilo 23 ga kowane babban akwati, da kilo 7 zuwa 8 ga jakar hannu. Yawan akwatunan yana rubuce a kan tikiti. A auna kaya tun a gida, domin kuɗin ƙarin nauyi a fili suna da yawa.

A jakar hannu ake sa: takardu, kuɗi, salula da abin cajinta, magani, da tufa ɗaya ta sauyawa. Batirin ajiyar caji a jakar hannu yake zama, ba a sa shi cikin babban akwati, saboda yana iya kama wuta.

Ba a shiga jirgi da wuƙa, almakashi ko aska a jakar hannu. Abu mai ruwa, kamar turare, man shafawa ko zuma, a yawancin filaye ba a barin kwalbar da ta wuce mililita 100, wato kimanin rabin ƙaramin kofi. Abin da ya fi haka a sa shi a babban akwati.

Kowace ƙasa da abin da ta hana. Ƙasashen Tarayyar Turai ba sa barin matafiyi ya shiga da nama ko abin da aka yi da madara, saboda haka kilishi da cuku ba sa wucewa. Hukumomin alhazai sun sha gargaɗin maniyyata kada su tafi Saudiyya da goro. Magani irin su taramol na iya kai mutum gidan kaso a Saudiyya, Dubai da Masar. Mai shan magani kullum ya bar shi cikin kwalinsa na asali, ya riƙe takardar likita.

6. Saƙon mutane

Karɓar saƙo al'ada ce ta zumunci, amma a filin jirgi doka ba ta san mai saƙo ba. Wanda aka samu abu cikin kayansa shi ne mai laifi. A Saudiyya hukuncin safarar miyagun ƙwayoyi yana kai wa ga kisa.

A watan Disamba na 2018 an kama wata ɗaliba ƴar Najeriya a Saudiyya, inda ta je Umra. An samu taramol cikin wata jaka mai ɗauke da sunanta. Bincike ya nuna jakar ba tata ba ce: wasu ma'aikata ne a filin jirgin Kano suka maƙala sunanta a kai ba da saninta ba. Sai ƙarshen Afrilu na 2019 aka sake ta, bayan wata 4 a tsare.

Darasin da ke ciki:

1. Ku shirya kayanku da hannunku, ku kulle.
2. Kada ku karɓi saƙon da ba ku buɗe kun gani ba, ko na ɗan'uwa ne.
3. Kada ku riƙe wa baƙo jaka, ko na minti ɗaya.
4. Kada ku yarda a auna kayan wani da sunanku, ko an ce za a biya ku.
5. A wurin awo, ku ƙirga ƙananan takardun kaya da aka ba ku. In akwati 2 kuka bayar, takarda 2 za ku karɓa, ba 3 ba.
6. Ku ɗauki hoton akwatunanku kafin su shige.

7. Kuɗi

Sefa ta Afirka ta Yamma tana aiki a ƙasashe 8: Nijar, Benin, Burkina Faso, Kodibuwa, Gini Bisau, Mali, Senegal da Togo. Sefar Cadi da Kamaru darajarsu ɗaya da tamu, amma takardun dabam ne, sai an yi canji. Yuro 1 kusan sefa 656 ne, kuma wannan farashi a tsaye yake. Naira da sidi da dalar Amurka kuwa suna hawa suna sauka.

A yi canji tun a gida, a banki ko wurin ɗan canjin da aka sani. A nemi ƙananan takardu na sayen ruwa da abinci a zango. A raba kuɗi wuri biyu ko uku a jiki. Mai manyan kuɗi ya bayyana su ga duwan. A Tarayyar Turai dole ne a bayyana daga yuro 10,000, wato kusan sefa miliyan 6 da rabi. Bayyanawa ba laifi ba ce. Ɓoyewa ce ke jawo tara ko ƙwacewa.

8. Iyakar ƙasa

Daga Maraɗi zuwa Yamai kusan kilomita 660 ne, daga Damagaram kusan 900, daga Tawa kusan 550. Mai jirgi a Yamai ya isa birnin kwana ɗaya kafin ranar tashi, kada lalacewar mota ta cinye masa tikiti.

Mutanen Maraɗi da Damagaram da yawa sun fi kusa da Kano, don haka can suke shiga jirgi. Sukan ƙetare ta Ɗan Isa zuwa Jibiya, ko ta Matamai zuwa Kwangwalam. Mutanen Tawa sukan bi ta Birnin Ƙwanni zuwa Illela. A nan akwai abin lura. Mai zuwa cin kasuwa ya saba wucewa ba a buga masa komi ba. Amma mai shiga jirgi a Kano, dole fasfonsa ya nuna hatimi biyu: na fita Nijar da na shiga Najeriya. In babu hatimin shiga, ma'aikacin filin jirgi zai tambaye shi ta ina ya shigo.

A kan iyaka ana saduwa da ƴan sanda masu duba takardu, da duwan masu duba kaya, da ma'aikatan lafiya masu duba katin rigakafi. Ga abin da ke sauƙaƙa wucewa:

- A isa da rana, ba da dare ba.
- A miƙa fasfo ga ma'aikaci mai kaki, a cikin ofishi. Kada a ba ɗan kamasho.
- A duba hatimi da kwanan watan da ke kansa kafin a bar wurin.
- In an nemi kuɗi, a tambaya cikin ladabi na mine ne, a nemi rasit. Kuɗin hukuma suna da rasit.
- Kada a ɗauki hoto, kada a ɗaga murya. In magana ta ƙi ci, a nemi ganin shugaban wurin.

A sani kuma iyaka tana iya rufewa. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, iyakar Nijar da Najeriya ta rufe har watan Maris na 2024. A nemi labarin hanya kafin a tashi.

Hanyar ɓoye ba mafita ba ce. A watan Oktoba na 2013 an samu gawar mutum 92 a hamada, arewa da Arlit, a kan hanyar Aljeriya. Yawancinsu mata ne da yara daga yankin Kance. Motocinsu ne suka lalace, ƙishirwa ta kashe su.

9. A filin jirgi

A isa awa 3 kafin tashi. Yawancin kamfanoni suna rufe awon kaya awa 1 kafin lokaci. Matakan su ne:

1. Awon kaya. A nan ake karɓar akwati, a ba da katin shiga jirgi. Ku tambaya: «Ina zan karɓi kayana?» Ku duba haruffa ukun da aka liƙa wa akwatin, su zama na garin ƙarshe.
2. Ƴan sandan iyaka. Suna duba fasfo, su ɗauki hoto da zanen yatsu, su buga hatimi.
3. Binciken jiki da jakar hannu. Ana cire ɗamara, agogo da salula. Kada a yi wasa da maganar bam ko makami.
4. Ɗakin jira. A kan katin shiga akwai lambar jirgi, lambar ƙofa, lambar kujera da lokacin soma shiga. Ƙofa tana rufewa minti 15 zuwa 20 kafin tashi.

Tsoho ko marar lafiya yana iya neman keken turawa da mai rakiya. A shaida wa kamfani kwana 2 kafin tafiya.

A cikin jirgi a ɗaura ɗamarar kujera. In kunne ya toshe lokacin tashi ko sauka, a haɗiye miyau ko a yi hamma. A sha ruwa da yawa. Zaman da ya wuce awa 4 yana ƙara haɗarin daskarewar jini a ƙafa, don haka a riƙa motsa ƙafafu, a tashi a ɗan taka.

10. Zango: sauya jirgi a wata ƙasa

Zango shi ne inda mai tafiya shi kaɗai ya fi ruɗewa. Filin yana da girma, harshe baƙo ne, ga gajiya.

Da an sauko, kada a bi taron jama'a ido rufe, domin wasu sun iso gida ne. A bi allon da aka rubuta «Transit» ko «Transfer» ko «Correspondance». A nemi babban allon jirage, a duba lambar jirgi da ke kan kati, a ga lambar ƙofa. Ana rubuta ƙofa «Gate» ko «Porte». Lambar tana iya sauyawa, don haka a riƙa komawa ga allon. A gyara agogo ya koma na garin. A fara zuwa a ga ƙofar da ido, sa'an nan a nemi abinci, makewayi ko masallaci. Wanda bai gane ba ya nuna katinsa ga ma'aikaci mai kaki. Matambayi ba ya ɓata.

Ga wanda bai saba ba, zangon awa 2 zuwa 4 ya fi. Ƙasa da haka akwai gudu, fiye da haka akwai gajiya. Mai jin barci ya kwanta kusa da ƙofarsa, ya sa ƙararrawar salula, ya rataya jakarsa a jiki. In jiran ya yi tsawo, wasu kamfanoni suna ba da masauki. Kamfanin Ethiopian Airlines, alal misali, yakan ba da otal ga mai jiran awa 8 zuwa 24 a Adis Ababa, bisa sharuɗɗansa. A tambaya tun wurin sayen tikiti.

Akwai ƙasashen da ke neman bizar wucewa ko da matafiyi ba zai fita daga fili ba. Masu fasfon Najeriya da na Gana, alal misali, galibi suna bukatar ta a filayen ƙasashen Turai na yankin Shengen, kuma kowace ƙasa tana iya ƙara wasu a jerinta. Wanda ba shi da ita, tun a filin farko za a hana shi shiga jirgi.

In jirgi na biyu ya tafi, kada a fita daga fili. A nemi teburin kamfanin, a nuna tikiti, a nemi a sa mutum a jirgi na gaba. Sa'an nan a sanar da gida da mai tarba.

11. Sauka da tambayoyin ma'aikata

Biza ba ta tabbatar da shiga. Ma'aikacin iyaka ne ke da magana ta ƙarshe. Tambayoyinsa sanannu ne: Mi ya kawo ka? Ina za ka sauka? Kwana nawa za ka yi? Da mi za ka ciyar da kanka? A amsa a taƙaice, da gaskiya, daidai da abin da ke cikin biza. Wanda ba ya jin harshen ya sa a rubuta masa amsoshin nan a takarda tun daga gida, da Faransanci da Ingilishi ko Larabci.

In aka tsare matafiyi ko aka hana shi shiga:

- Ya natsu. Kada ya gudu, kada ya ba da toshiya.
- Ya nemi tafinta.
- Kada ya sa hannu a takardar da bai san abin da ke ciki ba.
- Ya nemi a sanar da ofishin jakadancin ƙasarsa. Yarjejeniyar Biyana ta 1963 ta ba wanda aka tsare wannan haƙƙi.

Nijar tana da ofisoshin jakadanci a Abuja, Adis Ababa, Rabat, Ankara, Alƙahira da Riyad, da ƙananan ofisoshi a Kano da Jidda. A rubuta lambar wanda ya fi kusa a takarda, domin salula tana iya mutuwa ko ɓata. Can ne kuma ake zuwa in fasfo ya ɓace, bayan an kai rahoto ga ƴan sanda.

In akwati bai fito ba, kada a bar fili sai an je ofishin kaya an cika takardar ɓata, an karɓi lambarta. Ƙaramar takardar nan ta wurin awo ita ce shaida. Bisa yarjejeniyar Montreal ta 1999, ana kai ƙarar akwatin da ya lalace a rubuce cikin kwana 7. Wanda bai fito ba har kwana 21, ana ɗaukarsa ya ɓata, mai shi ya nemi diyya.

12. Mace mai tafiya ita kaɗai

Mace tana da damar neman mace ta bincike ta. Mai rufe fuska dole ta buɗe a gwada da hoton fasfo, amma tana iya neman a yi haka a gaban ma'aikaciya. Lalle mai kauri a yatsu yakan hana na'ura karanta zanen yatsa, gara a bar shi sai an komo. Mai ciki ta sani kamfanoni da yawa suna neman takardar likita daga mako 28, kuma ba sa ɗauka bayan mako 36.

A 2012 Saudiyya ta tsare ko ta maido da mata maniyyata ƴan Najeriya fiye da 1,000 saboda ba su tare da muharrami. A 2022 ta sanar da cewa ta ɗage wannan sharaɗi. Duk da haka a bi ta hukumar alhazai ko wakili mai izini. A Hajjin 2024 mutum 1,301 suka rasu cikin tsananin zafi, kuma hukumomin Saudiyya sun ce kashi 83 cikin 100 ba su da izinin Hajji, ba su da tanti ko motar da aka tanada.

Wadda aka yi wa alkawarin aikin gida a waje ta nemi ganin kwangila a rubuce, a karanta mata, kafin ta tashi. Ta bar kwafi a gida. Duk wanda ya ce zai riƙe mata fasfo, ko ya ce ta tafi da bizar ziyara a gyara daga baya, abin tsoro ne.

A taƙaice: a duba kafin a fita gida

1. Fasfo yana da sauran wata 6 ko fiye?
2. Bizar ta dace da dalilin tafiya? Ana bukatar ta wucewa?
3. An yi allura kwana 10 kafin tafiya?
4. Sunan tikiti daidai yake da na fasfo?
5. An gane rana da lokacin kowane jirgi?
6. An san duk abin da ke cikin kaya?
7. An rubuta adireshi da lambobin waya a takarda, tare da lambar ƙasa? Ta Nijar ita ce 227.
8. An bar kwafin takardu da tsarin tafiyar a hannun wani amintacce, wanda za a kira daga kowane zango?

In amsar ɗaya daga cikin tambayoyin nan «a'a» ce, a gyara tun ana gida, inda gyara yake da sauƙi. Rigakafi ya fi magani. Allah ya kiyaye hanya.